Zunilda Insaurralde, Matar Da Ta Riga Ruwa Isa Paso Karanda

Kafin rana ta fara cizo, Ña Zunilda Insaurralde ta riga ta tsaya a bakin kasuwa da tsohon babur ɗinta, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Wajen mai saiwoyi take fara zuwa, a daka mata na'a-na'a da 'yan ganyaye a turmi, ta juye cikin fulas ɗin ruwan ƙanƙara don terere na ranar, wato shayinmu mai sanyi da ake zagayawa da shi a ƙaho. Daga nan sai ta gangara bakin kogi, ta tsaya gaban sandar awon ruwa, ta cire tabarau ta goge, ta karanta lambar da idonta. Shekaru ke nan da aka kafa na'urar da ke aika lambar ofis kai tsaye, amma ba ta fasa ba. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce, "Críspulo, na'ura in ta yi ƙarya ba ta jin kunya. Ni kuwa ina ji."

Ofishin nasu ɗaki biyu ne a bayan ginin ƙungiyar makiyaya, da fanka mai kuka da kyanwa mai kwana a kan takardu. Aikinsu guda ne: su faɗa wa mutanen fadama lokacin da kogi zai hau. Ni ne mai karanta labarin kogi a gidan rediyon garin nan, shi ya sa take kira na mai baki. Duk takardar da kuka ji na karanta, cewa ruwa zai ƙaru ko zai ja baya, daga hannunta ta fito. Ita ce mai rubuta manhajar da kwamfuta ke yin lissafin da ita. A wannan makon ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da 'yan kai, kuma yawancin waɗanda ta tsamo daga ruwa ba su taɓa jin sunanta ba. Akwai dalili, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki biro yau.

Sai na ɗan yi bayanin aikin, yadda ta yi mini shi har ya shiga kaina mai tauri. Don a san ko ruwa zai hau hanya, dole a san yawan ruwan da kogi zai iya ɗauka a kowace gaɓa. Gindin kogi kuwa ba a shimfiɗe yake kamar tire ba. Nan rami ne, can tudun yashi, gaba kuma ya bazu cikin ciyawa. Babu wata ƙa'idar lissafi da za ta ba ka amsa a dunƙule. Sai dai kwamfuta ta yanka faɗin kogin sala-sala, ta auna ruwan kowace sala, ta tara su. Ta matsa gaba, ta sake yankawa. In ta kai ƙarshen kogi, ta tura agogo gaba kaɗan, ta koma farko. Haka za ta yi ta yi har ta hango jibi da gata.

Lokacin da Ña Zunilda ta zo ofishin, ta tarar da tsohuwar manhaja da kowa ke kira Kaka. Kaka ba ta ƙarya, wannan kowa ya shaida. Amma in aka ba ta lambobin ruwan sama da safe, sai ta kama gurnani, ta wuni, ta kwana, ba za ta buɗe baki ba sai la'asar ɗin kashegari. Abin dariyar shi ne mun ɗauki wannan nawa tata a matsayin daraja. In makiyayi ya leƙo yana tambaya, sai a ɗora yatsa a baki a ce, "Kaka tana tunani." Shi kuma ya cire hula, ya fita a hankali kamar daga ɗakin mara lafiya. A garin nan mun yarda cewa amsar da aka daɗe ana jira ita ce amsar gaskiya.

Shugaban ofishin, Don Aparicio, injiniya ne mai mutunci, kuma yana da dalilinsa na riƙo da Kaka. Wata shekara kafin zuwan Ña Zunilda, an yi ruwa mai yawa a arewa, hankalin kowa ya tashi, Kaka ba ta gama ba. Sai ofis ya yi kirdado, aka ba ni takarda na karanta cewa a kwashe shanu. Mutanen Paso Karanda, ƙauyen da ke cikin fadama, suka kora garkunansu ta hanyar nan guda ɗaya da ta ratsa fadama zuwa tudu. 'Yan maruƙa suka mutu a hanya, shanu masu ciki suka yi ɓari, nono ya ƙafe. Ruwa kuwa ko leƙo hanyar bai yi ba. Don Aparicio da kansa ya hau doki ya bi gida-gida yana ba da haƙuri, ya dawo ya rantse ba za a sake sanar da komai ba sai Kaka ta gama magana.

Yayata Blásida tana cikin waɗanda abin ya shafa. A Paso Karanda take, da shanunta take ci, da cukunsu ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Ranar da na je mata jaje, ko kujera ba ta ba ni ba. Ta ce, "Kai, auta, saurara da kyau. In ka sake buɗe bakin nan naka ka ce in kwashe shanu, ruwa bai zo ba, ni da rediyonka har abada. Zan jefa shi a rijiya, kai ma in ka zo in bi da kai."

To ga inda aka tsaya. In aka jira Kaka, gargaɗi zai iso bayan ruwa. In ba a jira ta ba, ana iya sake kashe wa mutane dukiya a banza. Kowa ya ce maganin shi ne sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, wadda ƙungiya ba ta da halin saya.

Ña Zunilda ba ta nemi sabuwar kwamfuta ba. Ba ta kuma taɓa ko layi ɗaya na Kaka ba da farko. Abin da ta yi shi ne ta dasa 'yan agogo a cikin manhajar, a kowane lungu, don ta ga inda lokacin yake tafiya. Makonni tana zaune tana kallon lambobi, ƙahon terere a hannu, har muka fara cewa sabuwar ma'aikaciyar nan Kaka ta shafa mata nawa. Rannan da hantsi muna zaune a inuwar mangwaro, ƙaho yana zagayawa, sai ta juya wajen shugaban.

"Don Aparicio, da za ka shiga kicin ka tarar da matarka tana gasa burodin chipa, amma kowane dunƙule ɗaya sai ta wanke hannu ta koma ta karanta takardar girkin daga farko, me za ka ce?"

"In ce ta zautu. In kira likita."

"To kira wa Kakarka likita."

Ashe injiniyoyin da suka gina Kaka sun rubuta ƙa'idojin lissafin a wani wuri daban, da rubutu irin na mutane, don duk wanda ya ga kogi ya canja hali ya iya gyarawa ba sai an nemo mai rubuta manhaja ba. Niyya ce mai kyau. Sai dai Kaka, a kowace sala ɗaya, sai ta koma ta karanta ƙa'idar harafi-harafi, ta gane me ake nufi, ta yi lissafin, ta manta, ta sake karantawa don sala ta gaba. Yawancin tunanin da muke cire wa hula, karatun abu ɗaya ne sau ba adadi. Ña Zunilda ta bar wa injiniyoyi rubutunsu yadda suke so. Ta dai sa manhajar ta karanta shi sau ɗaya tak, ta juya shi zuwa yaren da kwamfuta ke ji kai tsaye, ta riƙe.

Wannan kaɗai ya isa a yi mata biki, amma ba ta tsaya ba. Ta lura Kaka tana yanka ko'ina daidai wa daida, sirara-sirara, har a inda gindin kogi yake sumul babu abin dubawa. Sai ta koya wa tata manhajar wata dabara. Ta yanki sala babba ta auna. Ta raba ta biyu, ta auna kowane rabi, ta haɗa. In amsar biyun ta zo ɗaya da ta farko, an gama da wurin, a wuce. In sun saɓa, to akwai abin da ke ɓoye, sai a ci gaba da rabawa a nan kaɗai har su daidaita. Yadda ta faɗa mini shi ne, "Inda kogi ya kwanta lafiya a bar shi ya yi barci. Inda yake da rigima, nan za a zauna masa." Ta kuma tsince duk lissafin da ba ya canjawa daga safe zuwa yamma, ta sa a yi shi sau ɗaya a ajiye. Sauran kuma ta daina miƙa wa kwamfuta ɗaya-ɗaya, ta koma ba ta su a jere.

Ina wurin ranar da aka fara gwada sabuwar. Ta danna, ta dawo inuwa ta zauna, ta zuba ruwa a ƙaho ta miƙa mini. Na sha, na mayar, ta zuba wa na kusa da ni. Ƙahon bai kai ga Don Aparicio ba muka ji gurnanin kwamfuta ya tsaya. Ya miƙe zumbur.

"Ta mutu ke nan!"

"Ta gama," in ji Ña Zunilda.

"Ta gama me?"

"Aikin. Zauna mana, layinka ne."

Bai zauna ba. Ya shiga ya duba amsar, ya fito yana girgiza kai. "Zunilda, ba raina ki na yi ba. Amma abin da Kaka take kwana a kansa, wannan 'yar jikar ta yi shi kafin in jiƙa maƙogwaro? Wani abu ta tsallake." Tun daga ranar sunan Jika ya bi ta. Labari ya bazu kasuwa, makiyaya suka yi ta dariya. Wani ya ce shi ma yana da ɗa mai saurin ba da amsa haka, shi ya sa aka koro shi daga makaranta.

Da wata ce, da ta yi fushi, ko ta yi ta musu har a gaji da ita. Ña Zunilda ta sayo alli. Kullum da safe sai ta ba Kaka da Jika lambobi iri ɗaya, ta rubuta amsar Jika a bangon ofis nan take, ta bar gurbi a gefe. Kashegari da la'asar in Kaka ta yi magana, sai ta miƙa wa Don Aparicio allin ya cike gurbin da hannunsa. Wata da watanni, bambancin bai taɓa kai faɗin yatsa ba. Shi kuwa sai ya ajiye allin ya ce, "Lokacin da ruwa ya ja baya kowa gwani ne. Bari kogi ya yi fushi mu gani."

Ña Zuni, ke ce ba ki taɓa cewa a yarda da ke don kin yi karatu ba. Ke ce kika bar bango ya yi magana, kina zuba wa masu yi miki dariya terere da hannunki. Zunilda mai yanka kogi, sauri a aiki, haƙuri a zama da mutane.

Kogin kuwa ya yi fushi. Wata safiya wayar ofis ta kama ƙara ba tsayawa: an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a garuruwan arewa, ƙananan rafuka duk sun cika sun batse. Mu a nan sama tas take, rana tana dukan kwano, ko gajimare babu. Na iso karɓar takardar labaran rana na tarar da ofis tsit. Kaka tana gurnaninta. Ña Zunilda tana tsaye gaban bango, hannunta fari fat da alli. Saboda saurin Jika, ba sau ɗaya ta yi lissafin ba. Ta yi shi a kan in ruwan saman ya ci gaba, ta yi a kan in ya tsaya cak, ta yi a kan in masu awon arewa sun yi ƙari a lambobinsu. Duk suka taru a kan magana guda: jibi da asuba babu hanyar Paso Karanda.

Kowa a ɗakin ya san abin da hakan ke nufi. Tara shanu daga cikin fadama, a kora su har tudu da 'yan maruƙa, aikin yini ne da kwana da wani yinin. In aka fara yau, za a tsira da ƙyar. In aka jira Kaka zuwa gobe da la'asar, sai dai a je da kwalekwale a ɗebo mutane, a bar dabbobi. Ni dai shanun Blásida nake gani a idona, da rijiyar da ta yi mini alkawari.

Don Aparicio ya zauna ya dafe kai. "Zunilda, na rantse wa mutanen nan. Na shiga gidajensu na ga gawar maruƙa. In muka sake yin kuskure, ofishin nan ya mutu. Ba wanda zai ƙara sauraron mu, ranar da ruwan gaske zai zo kuma ya cinye su a kan gado."

"Ruwan gasken ne wannan, Don Aparicio."

"Kin tabbata?"

"Tabbas na Allah ne. Amma ka dubi bangon nan, rabinsa rubutunka ne." Ta goge hannu a jikin siket ɗinta, ta juyo wajena. "Mai baki, ga yadda za a yi. Ka karanta. In ruwa bai zo ba, jibi ka buɗe rediyo ka ce Zunilda Insaurralde ce ta yi kuskure, ita kaɗai, da wata manhaja da ta ƙirƙira, ofis bai sani ba. A kore ni, a ci gaba da yarda da Kaka. In kuwa ya zo, ka ce ofis ne ya faɗa. Kada in ji sunana."

Na ce, "Haba Ña Zuni, wannan wane irin ciniki ne? Laifi naki, yabo na wasu?"

"Kai dai ka iya surutu. Ka yi mini alkawari ko in je in karanta da kaina?"

Na yi alkawari. Don Aparicio ya daɗe yana kallon bangon. Can ya miƙe, ya ɗauki biro ya sa hannu a takardar, ya ce, "In an kore ki, tare za mu tafi. Críspulo, ruga."

Na karanta da Sifaniyanci, na maimaita da Guarani don kada wani ya ce bai ji ba. Ban gama rufe makirufo ba aka ce ana nema na a waya. Na san ko wace ce.

"Auta, ka leƙa waje kuwa? Ka ga rana?"

"Na gani, Yaya."

"Kaka ce ta faɗa?"

"Ofis ne ya faɗa."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan, munafuki."

"Yaya, don girman Allah ki ɗaura sirdi."

Sannan ta ce, "Muryarka tana rawa. Waccan shekarar ba ta yi rawa ba." Ta ajiye waya. Daga baya na ji cewa ita ta fara buɗe shinge, kuma da maƙwabta suka ga Blásida, wadda ta fi kowa zagin ofis, tana kora garke, sai suka bi sahu.

Kashegari ta zo mana da wuya. Gari ya waye rana tas, kogi ya ɗan motsa kaɗan kawai. A kasuwa wani ya ɗaga mini murya, "Mai rediyo, ina ruwan naka? Ko a fulas ka zuba shi?" Ban iya cin abinci ba. Ña Zunilda kuwa ko gezau. Ta je bakin kogi, ta karanta sanda, ta dawo ta zauna tana zuba terere, sai dai na lura ta kwashe hotunan 'ya'yanta daga kan tebur ta sa a jaka. Da la'asar gurnanin Kaka ya tsaya. Don Aparicio ya shiga, ya fito da alli a hannu, ya cike gurbin. Lamba ɗaya ce da ta Jika. Ya tsaya a gaban bangon yana share ido da bayan hannu, bai damu da wa ke kallo ba.

A daidai wannan lokacin, in ji Blásida, garken ƙarshe yana tsakiyar hanya, ruwa ya fara lasar kofaton dawakai. Ta ce ba ta ga inda ya fito ba, ciyawa ce kawai ta fara ƙyalli ta ko'ina. Suka ɗora ƙananan maruƙa a gaban sirdi, suka yi ta ihu da bulala har suka hau tudu. Da gari ya waye suka waiwaya, babu hanya, babu shinge, sai kawunan turaku jefi-jefi da tsuntsaye a kai. Ruwa ya kai tagar ɗakin da Blásida take matse cuku. Ko saniya ɗaya ba a rasa ba a duk Paso Karanda.

Ranar na buɗe rediyo ina ji kamar in yi guɗa, sunan yana kan harshena, na haɗiye shi na ce ofis ne ya faɗa. Garin ya ɗauka Kaka ce ta yi abin kirki. Aka yi wa Don Aparicio waƙa a wajen gasa nama. Blásida ta aiko masa da cuku mafi girma da ta taɓa matsewa, kuma tun daga lokacin ba ta fasa ba, kowace shekara sai ta aiko. Shi kuwa bawan Allah, kowace shekara sai ya ɗauko cukun ya dire a teburin Ña Zunilda ya ce, "Kayanki ne, ki bar ni in faɗa musu, kunya tana kashe ni." Ita kuma ta ɗauko wuƙa ta yanka wa kowa, ta ce, "In suka san suna, mutum za su gaskata, mutum kuwa yana tsufa. Gara su gaskata ofis, mu kuma mu tabbata ofis bai yi musu ƙarya ba."

Ambaliya ta sake zuwa bayan wannan, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta ƙara riga gargaɗi isowa ba. Ña Zunilda ta ba ofisoshin wasu garuruwan bakin kogi manhajarta kyauta, ta bi su a motar haya ta koya musu. Ba ta taɓa goge Kaka ba. Har makon jiya, lokaci-lokaci tana tashin ta, ta bar ta ta yi gurnaninta ta kwana, don a gwada amsa da amsa. Waɗanda ta horar a ofis sun haddace dokokinta kamar addu'a: kada ka gyara abin da ba ka auna ba, kuma kada ka zo mata da labarin sauri sai ka zo da shaidar cewa amsar ba ta gusa ba.

Ku matasa masu zama gaban kwamfuta, da ku masu kowace irin sana'a, ga abin koyi a gabanku tana tuƙa tsohon babur. Kafin ku ce kayan aiki ne ba su da ƙarfi, ku zauna ku duba inda lokacin yake zurarewa. In an ƙi yarda da ku, kada ku yi zuciya, ku sayi alli. In kuma ranar ta zo da za a tsaya a bayan aikinku, ku tsaya da sunanku.

Ña Zuni, kin san a zagayen terere ba a cewa na gode sai mutum ya ƙoshi yana so a tsallake shi. Wataƙila shi ya sa duk shekarun nan ba mu faɗa miki ba. Ba mu ƙoshi ba, wallahi, amma tunda kin rufe fulas dole mu faɗa. Mun gode. Ke ce kika sa lissafi ya riga ruwa gudu. Ke ce kika ɗora wuyanki don shanun mutanen da ba su san fuskarki ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa babur ɗin nan ya riƙa tashi a bugu ɗaya.

Jiya da ta miƙo mini takardarta ta ƙarshe, na ce, "Alkawarin nan fa, na ma'aikaciyar ofis ne. Daga gobe ke ba ma'aikaciya ba ce." Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Mai baki, na san abin nan ya daɗe yana ci maka tuwo a ƙwarya. Yi yadda ka ga dama."

Yau da safe na karanta labarin kogi kamar kullum: ruwa yana nan a kwance, hanyar Paso Karanda a buɗe take har ƙarshen mako. Sannan na ajiye takardar na ba da labarin nan duka, na faɗi sunanta cikakke, da Sifaniyanci da Guarani, muryata tana rawa. Ban gama ba waya ta yi ƙara, na sa ta a iska kowa ya ji.

"Auta! Kana nufin duk shekarun nan cukuna gidan da ba shi ba nake aikawa?"

"Yana isa inda ya kamata, Yaya. Don Aparicio yana kai mata."

"Rufe mini baki, ni da kai sai na zo. Ka ce wa matar nan kada ta fita ko'ina. Ba aike zan yi ba, da kaina zan kawo, da 'yar maraƙa a bayan mota. Kakar kakarta na ɗauko a kan sirdi ranar nan."

Na ce, "To ki bari a duba hanya tukuna, an ɗan yi yayyafi jiya."

"A duba me? Ba yanzu ka karanta cewa a buɗe take ba? Wa ya rubuta takardar?"

"Zunilda Insaurralde."

"To ai shi ke nan," in ji Blásida. "Na taho."